Yadda na bi hanyar fenomenoloji wajen rubuta kundina a kan jiran ruwa a Damagaram

Na rubuta wannan ne domin ɗaliban da ke shirin kundin mastar a ilimin zaman al'umma, ko kiwon lafiya, ko koyarwa, waɗanda malami ya ce musu su bi hanyar fenomenoloji, wato nazarin yadda abu yake ga wanda ya same shi, suka fito ofishinsa suna gyaɗa kai alhali ba su san inda za su dosa ba. Zan faɗi yadda tawa tafiyar ta kasance daki-daki, tun daga zaɓen batu har ranar da na tsaya gaban malamai na kare aikin. Inda zan fi daɗewa shi ne falsafar da hanyar ta tsaya a kai, don nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, nan ne kuma aka fi matsa mini da tambaya.

Batuna shi ne jiran ruwa. Duk ɗan Damagaram ya san zancen. Gari ne da ya zauna kan dutse, rijiyar cikin gari ba ta ba da abin kirki, ruwan famfo daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo da Machaya da Arunguza. Ƙarancin ruwa ma yana cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Daga Maris zuwa Mayu, in zafi ya tsananta, akwai unguwannin da famfo sai tsakar dare yake tsiyaya, in ma ya tsiyaya, kuma mata ne ke kwana suna gadinsa. Ganawata ta farko da malamin da ke duba aikina, na je masa da jerin tambayoyi: bido nawa gida ke sha a yini, nawa ake biyan ƴan ga-ruwa, awa nawa ake yi a layi. Ya karanta har ƙarshe, ya ce: “Malama, tambayoyin nan suna da amfani, an kuma sha yin irinsu. Amma ke me kike son ki sani, yawan bidon ko yadda jiran yake ga mai jiran?” Na ce na biyun, Malam. Ya ce to hanyata ita ce fenomenoloji, amma kada in ɗauki na'urar naɗar magana in shiga gidan kowa sai na iya gaya masa wane masanin falsafa nake bi da dalilin da ya sa. Ya rubuta mini sunaye uku a bayan takardar, Husserl da Heidegger da Merleau-Ponty, ya sallame ni.

Neman littattafan kansa aiki ne. Wasu na samu hannun ƴan'uwa ɗalibai, wasu na sauke daga intanet da dare lokacin da layi ya fi sauri, na kai aka buga mini babobin da nake buƙata. Karatun farko bai shige ni ba ko kaɗan. Faransanci ne, kowace kalma na san ta, amma in na kai ƙarshen shafi sai in rasa abin da aka ce. Wanda ya buɗe mini ƙofa shi ne tsohon malamin da ya koyar da mu falsafa a ajin tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, ya yi ritaya yanzu, Mushe muke ce masa. Nakan same shi ƙofar gidansa bayan la'asar yana dafa shayi, in zauna gefen tabarma da littafin rubutuna.

Da Edmund Husserl ya fara. Mutumin an haife shi a 1859, ya rasu a 1938, kuma lissafi ya fara karanta kafin ya zauna gaban Franz Brentano a birnin Biyana ya koma falsafa. Daga Brentano ya ɗauko maganar da komai ya ginu a kanta: hankali kullum yana fuskantar wani abu. Ba a tsoro haka kawai, wani abu ake tsoro. Ba a jira haka kawai, wani abu ake jira. Saboda haka mai son ya fahimci jira dole ya dubi abu biyu tare, abin da ake jiran da kuma yadda yake bayyana ga mai jiran. Mushe ya ɗaga ƙaramin kofin shayinsa ya ce: “Ɗiyata, me kike gani?” Na ce kofi. Ya ce: “Gefe ɗaya idonki ya kama. Bayansa da gindinsa ba ki gan su ba, amma ba ki ce rabin kofi ba.” Ya juya shi a hankali, kumfa na zagaya baki, yana nuna mini yadda abu ke zuwa mana gefe-gefe, hankali kuma yana riƙe shi a matsayin abu guda. Wannan aikin da hankali ke yi ba tare da mun lura ba, shi Husserl yake so a tsaya a siffanta. Shi ya sa tun a aikinsa na 1900 zuwa 1901 ya yi kiran a koma ga abubuwan da kansu, a daina farawa daga ra'ayoyin da aka riga aka tara a kansu.

Sai batun epoke, wato jingine zato, wanda Husserl ya shimfiɗa sosai a littafinsa na 1913. A zaman yau da kullum muna ɗaukar duniya yadda muka same ta, da duk abin da muka ji game da ita. Husserl ya ce mai bincike ya jingine wannan na ɗan lokaci, ya dubi abu yadda ya bayyana. Nan na yi turus, na tambayi Mushe ko ana nufin mutum ya yi shakkar abin da ya yi imani da shi, don na san ɗalibai da yawa a nan wannan ne ke sa su tsargu da falsafa. Ya ce a'a. Kamar takalmi ne da kike cirewa a ƙofar ɗakin mutane: ba ki jefar ba, ba ki ce ba naki ba ne, kin dai ajiye don ki shiga da ladabi. A wajena, abin da zan ajiye shi ne duk abin da na riga na yanke game da laifin wane ne, da lissafin lita nawa ya kamata mutum ya samu, da tausayin da nake ji tun kafin mace ta buɗe baki. Mushe ya ƙara mini da dabarar sauye-sauye a cikin tunani: ka ɗauki abin da aka siffanta maka, ka riƙa cire masa sassa ɗaya bayan ɗaya, har ka gano wanda in babu shi abin ya daina zama shi. A ƙarshen rayuwarsa, cikin aikin 1936, Husserl ya yi gargaɗin cewa kimiyya ta shagala da awo da lissafi har ta manta duniyar rayuwa da ta tsiro daga cikinta. Da na ji wannan sai na gane abin da malamina yake nufi da tambayarsa ta ranar farko.

Martin Heidegger mataimakin Husserl ne, shi ya gaje kujerarsa a jami'ar Freiburg a 1928, shekara guda bayan fitowar babban littafinsa kan kasancewa da lokaci. Shi ya ce ɗan Adam ba ya tsayawa gefe yana kallon duniya. A cikinta ya tsinci kansa, da harshe da tarihi da hidimomin da bai zaɓa ba, kuma duk fahimtar da zai yi daga nan take tasowa. Don haka siffantawa kanta fassara ce. Misalinsa na kayan aiki ya shige ni nan take: guduma tana hannun mai aiki ba ya ma ganinta, sai ranar da ta karye take bayyana. Famfon da ke zuba ba mai kallonsa. Ranar da ya bushe kuwa, sai gida duka ya juya yana fuskantarsa, girki da wanka da alwala da makarantar yara duk su fito fili a matsayin abubuwan da ke rataye a bakinsa. Dole in faɗi, Heidegger ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933, a zamanin da ake ƙuntata wa malaminsa Husserl saboda asalinsa na Yahudu. Wannan ya dame ni, kuma ban ga dalilin da ɗalibi zai ɓoye shi ba. Na ambace shi cikin kundin. Maurice Merleau-Ponty kuma, a littafinsa na 1945, jiki ya sa a gaba: da jiki muke sanin nisa da nauyi da lokaci tun kafin mu sa musu suna. Jiki magayi, in ji Hausawa. Shi ne ma ya rubuta a gabatarwar littafin cewa babban darasin da jingine zato ke koyarwa shi ne ba ya taɓa yiwuwa ɗari bisa ɗari. Mushe ya tuna mini cewa karatun nan bai tsaya a Turai ba: masanin falsafa Paulin Hountondji na maƙwabciyarmu Benin a kan Husserl ya yi digirinsa na dakta a Faransa.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma wannan rabuwar ita ce abin da nake so kowane ɗalibi ya riƙe. Mai bin Husserl siffantawa zai yi. Akwai tsarin Amedeo Giorgi, wanda ya gina a jami'ar Duquesne ta Amurka tun shekarun 1970: ka karanta hirar duka, ka yanka ta gaɓa-gaɓa duk inda ma'ana ta sauya, ka mayar da kowace gaɓa cikin harshen fanninka, sannan ka fitar da tsarin da ya haɗa su, ba tare da ka ƙara abin da ba a faɗa ba. Akwai na Colaizzi na 1978 mai matakai bakwai, wanda ke ƙarewa da komawa wurin mutanen don su tabbatar, matakin da Giorgi bai yarda da shi ba. Mai bin Heidegger da ɗalibinsa Gadamer kuwa fassara zai yi, ya bayyana abin da ya zo da shi, ya riƙa kai-komo tsakanin yanki da dukan hira. Nan ake samun Max van Manen da aikinsa na 1990, da tsarin Jonathan Smith na Ingila da ya fito a 1996. Ni van Manen na zaɓa. A gidan da ake kwanan famfo na tashi, wuyana ya san nauyin bido, in na ce zan ajiye wannan duka a ƙofa na yi ƙarya. Gara in rubuta shi a fili, mai karatu ya san daga inda nake kallo. Da na koma na faɗa wa malamina haka, bai ce komai ba sai: “To, je ki rubuta tsarin binciken.”

Ɓangaren ofis ba shi da wuyar ganewa, haƙuri yake so. Na kai tsarin binciken sashenmu bayan malamina ya sa hannu, tare da kwafin katin ɗalibi da rasit na rajista, na nemi takardar izinin bincike. Takardar tana buƙatar sa hannun shugaba da tambari, aka yi rashin sa'a ya yi tafiya, sai na yi ta zarya ina biyan kabu-kabu ana ce mini in dawo. Raina ya ɓaci a lokacin, don zafi ya fara kuma shi ne lokacin da nake son in yi hirarrakin. Da ta fito na yi kwafinta da yawa, asalin na ajiye gida, don duk inda ka miƙa takarda da wuya ta dawo hannunka. Na kai ɗaya ma'aikatar magajin gari, daga nan na wuce wurin mai unguwa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce: “Ranka ya daɗe, ɗaliba ce ni, ba daga wata ƙungiyar agaji nake ba, ba ni da abin rabo.” Wannan maganar ku faɗe ta tun farko, ku kuma maimaita a kowane gida, in ba haka ba za a ɗauka sunaye kuke rubutawa don a kawo taimako, labarin da za a ba ku ma sai ya sauya. Wanda bincikensa ya shafi marasa lafiya ko asibiti, ya sani akwai kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar binciken lafiya a Yamai, ya fara neman izininsa da wuri.

Mai unguwa ya haɗa ni da wata dattijuwa da ke shiga da ni gidaje. Ta taimake ni ƙwarai wajen neman yardar masu gida, amma na roƙe ta ta riƙa barina da matar mu biyu in an fara hira. Takardar amincewa da faransanci take, yawancin matan kuma ba sa karanta shi, sai na riƙa fassara musu da Hausa, in naɗi amincewarsu da baki a farkon hirar, in tabbatar musu sunansu ba zai fito ba kuma suna iya tsayawa duk lokacin da suka so. Ban biya kowa kuɗin magana ba. Sabulu nakan riƙe, wani lokaci in sayi bido biyu wurin mai kura in ya wuce, tunda na cinye wa mace lokacin da za ta nemi ruwa.

Mata 12 na yi hira da su, kuma a nan ne falsafar ta koma aiki. In ka ce wa mace “me kike gani game da matsalar ruwa”, ra'ayi za ta ba ka, irin wanda ake ji a rediyo. In ka ce “yaya kuke yi”, za ta ce mukan yi kaza, mukan yi kaza, wato al'ada. Abin da hanyar nan ke nema shi ne dare guda takamaimai. Sai na riƙa cewa: “Inna, ki ba ni labarin daren da ya wuce da kika jira ruwa, tun daga sallar isha.” In ta zame zuwa “mukan”, in dawo da ita a hankali: a wannan daren fa, ina kike zaune, me kika fara ji? Kalmar “don me” na cire ta gaba ɗaya, don tana sa mutum ya koma kare kansa. Wannan salon na ƙara koyonsa daga rubutun Pierre Vermersch na 1994 kan hirar fayyace aiki, wanda da faransanci yake, ya fi mana sauƙin samu. Wata uwar ƴaƴa ta gaya mini takan bar famfo a buɗe ta ajiye kwanon silba a ƙarƙashinsa, ta kwanta tsakar gida kunnenta na wajen. Ta ce kafin ruwa iska ke fara zuwa, famfon ya yi ta huci yana tari, wani lokaci hucin ne kawai ba abin da ke biyo baya. Tana faɗa tana karkata kai gefe, hannunta a ɗage, kamar a lokacin take saurare. Ta ce: “Ɗiyata, barcin nan rabi ne. Ido ya rufe, kunne bai kwanta ba.” Babu takardar tambayoyi mai akwatunan cikewa da za ta kamo wannan.

Rubuta hirarrakin ya fi komai cin rai. Hirar awa guda takan cinye mini yini, ga ɗaukewar wuta, ga zafin da ke sa kwamfuta ta yi ta kuka. Da Hausa na rubuta su kalma bayan kalma, har da shiru da dariya, da Hausa kuma na yi nazarin. Sai guntayen da za su shiga kundin na fassara zuwa faransanci, na ajiye Hausarsu a gefe. Na bi ginshiƙai huɗu na van Manen, wato lokaci da wuri da jiki da zama da mutane, kowanne yadda aka rayu da shi. Gefe guda ina da littafin da nake rubuta abin da ni kaina na ji bayan kowace hira, don in rarrabe muryata da tasu. Da na gwada dabarar sauye-sauye, na cire duhu, jira bai sauya ba. Na cire nisa, bai sauya ba. Da na cire rashin sanin lokacin zuwan ruwan, sai abin ya zama wani abu dabam. Matan da suka san ranar da ruwa ke zuwa layinsu suna wahala, amma suna barci, suna zuwa biki, suna tsara gobe. Waɗanda ba su sani ba, yininsu duka a ɗaure yake. Maganar haƙuri da “sai yadda Allah ya yi” kuwa ta fito a kusan kowace hira. Ban ɗauke ta rufin baki ba, ban kuma mayar da kundin wa'azi ba. Na siffanta yadda take riƙe mace tsakar dare, da lokutan da take faɗarta muryarta na rawa.

Wajen ajiye kundin an nemi kwafi ga kowane malamin da zai zauna, da takardar amincewar malamina. Ku buga guda ɗaya a na'ura, sauran ku yi kwafi: a lokacina dala biyar ne shafi, kundi mai shafi 100 jika biyu da rabi ke nan kafin kuɗin ɗinki, bugu kuwa ya fi haka tsada. Sai jiran a sa rana, wanda shi ma ya ɗan ja. Ranar kariya gabana ya yi ta faɗuwa har aka ba ni izinin magana. Tambaya ta farko ita ce wadda kowa zai sha: ta yaya mata 12 za su wakilci Damagaram? Na ce ba su wakilta ba, ban kuma yi iƙirarin haka ba; tsarin abin da aka rayu nake nema, kuma masanin hanyoyin bincike Polkinghorne tun 1989 ya ba da shawarar mutum 5 zuwa 25 a irin wannan aiki. Ta biyu daga wani malamin falsafa cikin masu zaman ta fito: “Malama, kin yi epoke ko ba ki yi ba?” Na amsa cewa ban yi ta irin ta Husserl ba, na faɗi dalili, na nuna shafukan da na bayyana matsayina. Ya gyaɗa kai ya ce abin da ya fi gani a kundaye shi ne ɗalibi ya yi alkawarin jingine zato a babi na biyu, ya ambaci Heidegger a na uku, a na huɗu kuma ya ƙirga sau nawa aka faɗi kalma kaza. An ba ni gyare-gyare, mafi yawa a fassarar guntayen hira, na yi su, malamina ya duba, na ajiye kwafin ƙarshe.

Ga mai tahowa, abin da zan ce shi ne ya fara tabbatar tambayarsa ta wannan hanya ce. In yawa ko sababi yake nema, akwai hanyoyin da suka fi dacewa, ba kuma abin kunya ba ne ya bi su. In kuwa yadda abu yake ga wanda ya same shi yake nema, to ya zaɓi reshe guda kafin ya rubuta tambayar hira ko ɗaya, ya karanta ko da gabatarwar masanin da kansa maimakon taƙaitawar wasu, ya kuma nemi malamin falsafa ya zauna da shi, don akwai su a garin nan kuma ba sa rowar sani. Takardar izini a nema tun ana tsakiyar karatu, kada a jira sai an gama. A kuma daidaita lokacin hira da lokacin da abin ke faruwa. Mata biyu na ƙarshe sai bayan saukar damina na samu zama da su, randunansu cike, labarinsu kuma ya riga ya koma “mukan yi”. Sai da na sha wuya kafin na mayar da su dare guda.